Yaya ake gano yawan wutar da ke ratsa rizista guda idan hanyar ta rabu biyu?

Ɗalibi daga Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida malamai da masu sana'ar lantarki da ke wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na babbar sakandare a nan birnin Katsina, kuma akwai wani lissafi da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, wanda nake roƙon a warware mini shi kafin jarrabawa ta ƙarato.

An ba mu aikin gida mai ɗauke da zanen da'irar lantarki. Akwai batir mai bolt 12, daga bakinsa waya ta tafi zuwa rizista, wato ɗan abin nan da ke yi wa wuta turjiya, mai om 100 (om shi ne ma'aunin turjiyar), bayan ta kuma sai hanyar ta rabu gida biyu, reshe ɗaya yana da rizista mai om 220, ɗayan yana da mai om 330, sannan rassan biyu suka sake haɗuwa suka koma ɗaya bakin batirin. Abin da ake nema shi ne yawan wutar da ke ratsa rizistar nan mai om 330.

Ni dai na ɗauki dokar Ohm yadda aka koya mana, na raba 12 da 330, na sami amfiya 0.0364 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke wucewa), wato miliamfiya 36.4. Abokina da muke zama benci ɗaya ya ce ba haka ake yi ba, sai an tara rizistocin uku gaba ɗaya, su ba da om 650, a raba 12 da wannan, a sami miliamfiya 18.5. Da gardama ta ƙi ƙarewa, sai na sayo rizistocin a kasuwa, na ari mitar awo wajen wani maƙwabcinmu, na haɗa komai a kan batirin babur ɗin yayana. A karo na farko na juya mitar zuwa awon miliamfiya, na ɗora bakinta ja a ƙafa ɗaya ta rizistar, baƙin kuma a ɗaya ƙafar, sai ta nuna wajen 125, kuma kafin in ankara rizistar mai om 100 ta yi zafi har ta ƙona mini yatsa, fentinta ya fara duhu. Na sauya ta da sabuwa, maƙwabcin ya nuna mini cewa sai na ɗaga ƙafa ɗaya ta rizistar na sa mitar a tsakani, da na yi haka sai ta nuna 21.5.

Yanzu ina da amsoshi huɗu ga tambaya ɗaya, kuma wadda ta fi kusa da abin da mitar ta nuna ita ce ta abokina, alhali zuciyata ba ta yarda da hanyarsa ba. Ina kuskuren yake? Kuma me ya sa har yanzu rizistar mai om 100 take ɗumi idan na bar ta a haɗe na ɗan lokaci?

Tsohon Malamin Kimiyya, Daura, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ba ka tsaya ga takarda kaɗai ba, ka je ka gwada da hannunka. Daga kai har abokin naka babu wanda ya dace, amma kuskurenku ba iri ɗaya ba ne, kuma naka ya fi cancantar a tsaya a kansa domin shi ne wanda na fi gani a takardun ɗalibai tsawon shekarun da na yi ina riƙe da alli.

Dokar da Georg Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe, ya wallafa a shekarar 1827 tana cewa wutar da ke ratsa abu daidai take da matsin lantarkin da ke kansa idan an raba shi da turjiyarsa, abin da muke rubutawa I = V ÷ R. Dokar ba ta da aibi, amma tana da sharaɗi wanda ɗalibai suke tsallakewa: V ɗin da za ka saka dole ne ya zama matsin da ke tsakanin ƙafafu biyu na ita rizistar da kake tambaya a kanta, ba matsin batir ba. Kai ka ɗauki bolt 12 na batir ka ɗora wa rizista mai om 330 kamar ita kaɗai ce a hanyar, alhali kafin wutar ta iso gare ta sai da ta biyo ta cikin mai om 100, wadda ta riga ta ci nata kason daga cikin bolt 12 ɗin.

Ka tuna da masu noman rani da ke jan ruwa da inji. Idan tiyon da ya fito daga injin ya matse a wani wuri kafin ya rabu zuwa fangali biyu, ƙarfin da ruwan zai isa da shi mararrabar ba zai kai wanda ya baro injin da shi ba. Sai dai ka lura da kyau, ruwan bai ragu ba, duk ɗigon da ya shiga matsatsin sai ya fita ta ɗaya gefen. Ƙarfin turawar ne ya ragu. Haka lantarki yake. Rizista ba ta cinye amfiya, bolt take ragewa.

To, ga yadda za ka bi lissafin. Da farko ka mayar da rassan biyu su zama kamar rizista guda. Idan rizistoci biyu suna kafaɗa da kafaɗa, ana ninka su ne a raba da jimillarsu: 220 sau 330 ya ba da 72,600, a raba da 550, a sami om 132. Kada ka yi mamakin ganin amsar ta gaza 220, domin buɗe hanya ta biyu sauƙaƙa wucewa yake yi, kuma duk ranar da ka haɗa rizistoci kafaɗa da kafaɗa ka sami amsar da ta fi ƙaramarsu girma, to ka koma ka duba, akwai kuskure. A nan ne abokinka ya zame, domin tarawa kai tsaye ta rizistocin da ke jere ce, waɗanda wuta ɗaya take ratsa su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta rabu ba. Kusancin amsarsa da ta mita dace ne kawai na waɗannan lambobin, da an sauya rizista ɗaya da ya yi nisa.

Yanzu da'irar ta zama om 100 a jere da om 132, jimilla om 232. Wannan ne kaɗai wurin da ya halatta ka yi amfani da bolt 12 ɗin gaba ɗaya, tun da batirin yana fuskantar jimillar turjiyar ne. Ka raba 12 da 232, za ka sami amfiya 0.0517, wato miliamfiya 51.7, kuma duk wannan wutar tana ratsa rizista mai om 100 saboda babu wata hanyar da za ta bi. Matsin da ya faɗi a kanta shi ne 0.0517 sau 100, wato bolt 5.17. Idan ka ɗebe wannan daga 12, saura bolt 6.83, kuma shi ne matsin da ke kan rassan biyu, kowanne yana ganin 6.83 ɗin cif, ba rabi-rabi ba, domin ƙafafunsu a wuri ɗaya suke haɗe sama da ƙasa. Sai yanzu ne za ka koma ga tambayarka: 6.83 a raba da 330 ya ba da miliamfiya 20.7. Wannan ce amsar da za ka rubuta wa malaminku.

Kada ka ajiye biro sai ka gwada amsar. Reshen om 220 yana ɗauke da 6.83 a raba da 220, wato miliamfiya 31.0. Ka tara 31.0 da 20.7, za ka ga sun dawo 51.7 ɗin da ta fito daga batir. Wannan gwajin ba dabarata ba ce, ɗaya ce daga dokoki biyu da Gustav Kirchhoff ya fitar a 1845 tun yana ɗalibin jami'a: wutar da ta shiga mararraba daidai take da wadda ta fita daga cikinta. Ta biyun kuma ita ce wadda muka yi aiki da ita ɗazu ba tare da mun ambaci sunanta ba, cewa idan ka zagaya da'ira ka tara matsin da ya faɗi a kan kowane abu, jimillar za ta yi daidai da matsin batir, kamar yadda 5.17 da 6.83 suka cika 12.

Akwai gajeriyar hanya ga wanda lokaci ya ƙure masa a ɗakin jarrabawa. Da zarar ka san jimillar wutar, kason reshen om 330 shi ne 51.7 sau 220 a raba da 550, wato kashi biyu cikin biyar, kuma 20.7 ɗin za ka sake samu. Ka lura cewa turjiyar ɗaya reshen ce take sama, ba ta reshen da kake nema ba, kuma saboda yawan juya wannan da ɗalibai suke yi ne ban cika son koyar da ita ba sai ga wanda doguwar hanyar ta zauna masa.

Batun bambancin 20.7 da 21.5, da na ƙunar yatsa, na bar wa masu riƙe da mita kullum, sun fi ni bakin magana a kai.

Mai Gyaran Rediyo, Katsina, ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, lissafi ya fita sarai. Ni ban yi zurfi a boko ba, amma na haura shekara ashirin ina zaune gaban teburin gyara, saboda haka bari in ɗora daga inda Malam ya tsaya.

Ƙanena, mitarka ba ta yi ƙarya ba, lissafin Malam ma bai yi ba. Bolt 12 da ke rubuce a jikin batirin babur suna ne kawai. Batir irin wannan idan yana da lafiya kuma ya cika, mita takan nuna wajen bolt 12.6, idan kuma injin yana aiki yana yi masa caji yakan haura 13 har ya kusanci 14 da rabi. Ka sake bin hanyar Malam da 12.6 a maimakon 12, za ka ga jimillar wutar ta koma miliamfiya 54.3, rabon reshen om 330 kuma ya zama 21.7, wanda tsakaninsa da 21.5 ɗinka bai taka kara ya karya ba. Ɗan abin da ya rage kuma daga rizistocin ne. Ka duba na ƙarshe daga cikin zobban launi da ke jikin kowace, idan ruwan gwal ne to masana'anta ta yi maka alkawarin kashi 5 cikin ɗari ne sama ko ƙasa, ma'ana wadda aka ce om 330 ce tana iya zama ko'ina daga 313.5 zuwa 346.5 ba tare da an cuce ka ba.

Tun da mun zo kan zobba, ka tabbatar da abin da aka sayar maka. Mai om 100 tana da ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa. Mai om 220 tana da ja, ja, ruwan ƙasa. Mai om 330 kuma ruwan lemo biyu ne sannan ruwan ƙasa. Zobe na uku shi ne yake faɗin yawan sifilin da za a ƙara, kuma a cikin rumfa mai duhu ja da ruwan ƙasa suna kama da juna ƙwarai. Na taɓa ɓata yini guda a kan wata rediyo saboda yaron shagona ya liƙa mai om 3,300 a gurbin mai om 330, bambancinsu kuwa launin zobe ɗaya ne tak.

Yanzu ga maganar 125 ɗin nan, wadda ita ce ta fi tayar mini da hankali. Mita idan tana kan awon amfiya, cikinta kusan waya ce miƙaƙƙiya, turjiyarta kaɗan ce ainun, domin an yi ta ne wuta ta ratsa ta ba tare da ta tare hanya ba. Da ka ɗora bakunanta a ƙafafun rizistar, sai ka yi wa rassan biyu gada, wuta kuwa hanya mafi sauƙi take bi, sai ta bar 220 da 330 ta bi ta cikin mitar. Abin da ya rage yana tare batirin shi ne om 100 kaɗai, kuma 12.6 a raba da 100 ya ba da miliamfiya 126, ka ga inda lambarka ta fito. Rizistar nan da ta ƙona maka yatsa ita ce ta ceci mitar maƙwabcinka. Da a ce kai tsaye ka ɗora bakunan a kan batirin, da fiyus ɗin cikinta ya tsinke nan take, tun da a yawancin ƙananan mitocin da ke kasuwa na miliamfiya 200 ne. Ramin da ake soka bakin mita don awon amfiya 10 kuma a masu arahar sau da yawa ba shi da fiyus ko kaɗan, kuma batirin babur yana da ƙarfin da zai narkar da wayar a hannunka.

Ɗumin da take yi har yanzu kuma batun wat ne. Zafin da rizista take fitarwa shi ne bolt ɗin da ke kanta sau amfiyar da ke ratsa ta. A lissafin takarda 5.17 sau 0.0517 ya ba da wat 0.27, a kan batirin gaske kuma ya kusa 0.3, alhali ƙananan rizistocin da aka fi sayarwa na kwatan wat ne, wato 0.25. Ka ɗora mata kayan da ya ɗan fi ƙarfinta. Lokacin da ka yi mata gadar nan kuwa, sama da wat ɗaya da rabi ta sha, ninki shida na abin da aka yi ta dominsa. Ka nemi mai rabin wat, ko ma mai wat ɗaya, ta fi kauri kaɗan amma om ɗinta ɗaya ne. Ita ma mai om 220 tana gab da iyakarta, don haka ka sauya su tare.

Shawarata ta ƙarshe ita ce ka rage ɗaga ƙafar rizista don awon amfiya. Mu a bakin aiki mukan bar mitar a kan awon bolt, mu ɗora bakunanta a ƙafafu biyu na rizistar, wanda a wannan awon shi ne daidai kuma babu haɗari ga mitar, sannan mu raba abin da ta nuna da om ɗin rizistar. Amma idan om ɗin kake son aunawa, ka cire batir tukuna kuma ka ɗaga ƙafa ɗaya, in ba haka ba za ka ɗora mita a kan mai om 330 ta nuna maka 132, ka yi zaton ta lalace.

Ɗalibi daga Ƙofar Marusa ya sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Na sake bin lissafin da kaina ba tare da na kalli na Malam ba, kuma 20.7 na samu. Yanzu na gane cewa tambayar da ya kamata in fara yi wa kaina ita ce bolt nawa ne a kan wannan rizistar, kafin in taɓa rabawa.

Ina da ƙarin tambaya idan ban takura ba. A gidanmu akwai batirin sola mai bolt 12, kuma ina so in sa masa ƙaramin ƙwan LED ja wanda zai riƙa nuna cewa layin fitilun tsakar gida a kunne yake. Na auna ƙwan da mita domin in san om ɗinsa in saka a lissafi, amma ba ta nuna mini komai mai ma'ana ba. Yaya zan san rizistar da zan haɗa masa, kuma yaya zan lissafa wutar da za ta ratsa ta?

Mai Haɗa Sola, Daura, ta amsa:

Ƙanena, mitar ba ta ba ka amsa ba ne saboda ƙwan LED ba shi da turjiya tsayayya irin ta rizista, don haka dokar Ohm ba ta hawa kansa kai tsaye. Halinsa shi ne ba ya barin wuta ta wuce sai matsin da ke kansa ya kai wani mataki, wanda ga ja yake wajen bolt 2, ga fari da shuɗi kuma wajen bolt 3, kuma da zarar an haura wannan matakin ko da kaɗan ne sai wutar ta yi tashin gwauron zabi har ƙwan ya ƙone. Aikin rizistar shi ne ta shanye ragowar matsin ta kuma ƙayyade wutar, kuma tun da a jere suke, abin da ya ratsa ta shi ne ya ratsa ƙwan.

Ka ga ashe darasin Malam ne ya sake dawowa da wata riga. Ba za ka raba bolt 12 da turjiyar ba, sai ka fara ɗebe bolt 2 na ƙwan, saura 10 a kan rizistar. Ƙananan ƙwayayen nan na nuni ba a so a wuce musu miliamfiya 20, wato amfiya 0.02, saboda haka 10 a raba da 0.02 ya ba da om 500. Da wuya ka sami mai 500 cif a kasuwa, domin ana ƙera rizistoci ne a kan wasu lambobi sanannu, irin su 330 da 390 da 470 da 560 da 680, kuma ƙa'ida ita ce ka hau sama, kada ka sauko ƙasa.

Sai dai ni ba zan sa 560 ba, kuma ga dalilina. Batirin sola ba ya zama a kan bolt 12. Da tsakar rana, lokacin da faranti yake tura masa caji, na'urar da ke daidaita cajin takan kai shi wajen bolt 14.4, kuma da wannan lambar ya kamata a yi lissafi tun da ita ce mafi tsanani da ƙwan zai gamu da ita kullum. Idan ka ɗebe 2 daga 14.4 saura 12.4, a raba da 560 ya ba da miliamfiya 22, ka ga an haura iyaka. Da mai om 680 kuwa, wadda zobbanta shuɗi ne da ruwan toka da ruwan ƙasa, za ka sami miliamfiya 18.2 da rana, da dare kuma idan batirin ya sauko 12.6 za ka sami 15.6, kuma idonka ba zai ga bambancin hasken ba. Zafin da za ta fitar da rana shi ne 12.4 sau 0.0182, kimanin wat 0.23, wanda ya yi kusa da iyakar mai kwatan wat fiye da yadda nake so, musamman a zafin watan Afrilu da Mayu na ƙasar nan, a cikin akwatin da iska ba ta shiga. Ka sa mai rabin wat hankalinka ya kwanta.

Ka kula da ƙafafun ƙwan, doguwar ita ce take fuskantar ɓangaren jan waya na batir, idan ka juya shi ba zai kama ba. Ka kuma sa ƙaramin fiyus kusa da bakin batirin kafin komai, domin batirin sola ya fi na babur ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan lissafin duka na batir ne; kada ka kai rizistocin nan ko gwajin nan kusa da wutar soket ta bolt 230, wannan wani babi ne dabam kuma kuskure a cikinsa rai yake ci.

Tsohon Malamin Kimiyya, Daura, ya ƙara da cewa:

Bayanin Malama ya wadatar, kuma na ji daɗin yadda ta yi lissafi da mafi munin hali ba da lambar da ke jikin batir ba. Ko tsohon ƙwan fitila mai zare ma ba ya bin dokar Ohm sau da ƙafa, domin mai wat 60 a kan bolt 230 turjiyarsa tana wajen om 880 idan yana ci, amma idan ka auna shi a sanyaye ba za ka sami ko om 100 ba, saboda turjiyar zaren tana ƙaruwa da zafi.

Gyara ɗaya nake da shi ga ɗan'uwana mai gyaran rediyo, kuma na san a aikace ya fi ni sanin abin, lafazin ne kawai nake tsoron ɗalibi ya ɗauka yadda yake. Cewa wuta tana bin hanya mafi sauƙi yana sa yara su zaci cewa tana zaɓar reshe ɗaya ta ƙyale sauran. Ba haka ba ne, tana bin kowace hanya da ke buɗe, gwargwadon sauƙin kowace. A da'irarmu reshen om 220 ya fi sauƙi, ya ɗauki kashi uku cikin biyar, amma na om 330 bai zauna haka nan ba, ya ɗauki kashi biyu. Ko lokacin da mitar ta yi gada, akwai 'yar wutar da ta ci gaba da bin rizistocin biyu, ƙanƙantarta ce ta sa ba a lissafa ta.

Ɗana, ga gwaji ɗaya da zai tabbatar maka da cewa ka riƙe abin. Ka cire rizista mai om 220 gaba ɗaya, ka bar sauran yadda suke. Kafin ka taɓa mita, ka rubuta a takarda ko wutar da ke ratsa mai om 330 za ta ƙaru, ko za ta ragu, ko za ta tsaya yadda take, tare da lambar da kake tsammani, sannan ka auna ka gaya mana.

Ɗalibi daga Ƙofar Marusa ya rubuta:

Malam, na yi gwajin da yammacin yau bayan la'asar. Da farko zuciyata ta ce ba abin da zai sauya tun da ban taɓa reshen om 330 ba, amma da na zauna na lissafa sai na ga jimillar turjiyar ta koma om 430, wutar da ke ratsa mai om 100 ta ragu, matsin da take ci ya ragu, saboda haka abin da ya rage wa mai om 330 ya ƙaru. Na rubuta miliamfiya 27.9 idan batirin 12 ne, da 29.3 idan 12.6 ne. Mitar ta nuna 29.2.

Kafin in cire ta kuma na bi shawarar Yaya na auna bolt a ko'ina. Batirin ya nuna 12.6, kan rizista mai om 100 akwai 5.5, kan rassan biyu akwai 7.1, kuma 7.1 a raba da 330 ya ba ni 21.5 ɗin da na gani tun farko. Da na ɗaga ƙafar mai om 100 na auna ta ita kaɗai, sai na tarar om 102 ce. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa neman mai om 680 ta rabin wat da fiyus ɗin da Anti ta ce, kuma abokina ya ce in zo masa da takardar lissafin kafin a shiga aji.